Ɗaukar Hoton Dijital don Sha'awa: Kayan Aiki, Ajiya da Tafiya

Ɗaukar hoton dijital don sha'awa shi ne amfani da kyamarar da ke mayar da haske zuwa lambobi, ta adana su a katin memori, domin nishaɗi ko ajiye tarihin iyali ko tunawa da wuraren da mutum ya taka, ba tare da an mayar da abin sana'ar neman abinci ba. Abin da ya raba shi da hoton fim na da shi ne babu wani abu da ake riƙewa a hannu bayan an danna maɓalli. Hoton fayil ne kurum, ana iya kwafarsa sau dubu ba tare da ya ragu da komai ba, ana kuma iya rasa shi cikin ƙiftawar ido idan kwafi ɗaya tak ake da shi. Wannan ne ya sa ilimin ajiya ya zama rabin wannan fanni, ko da yake yawancin 'yan koyo hankalinsu kan kyamara yake tsayawa.

Asali

A shekarar 1969 Willard Boyle da George E. Smith, waɗanda ke aiki a ɗakunan bincike na Bell a Amurka, suka ƙirƙiro na'urar CCD mai mayar da haske zuwa cajin lantarki, aikin da ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar fiziks a 2009. A 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko mai ɗauke da kanta. Nauyinta ya kai kilo 3.6, hotonta baƙi da fari ne mai ɗigo dubu goma kacal, kuma sai ta ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta gama rubuta hoto guda a kan kaset. A farkon shekarun 1990 Eric Fossum da abokan aikinsa a hukumar NASA suka inganta wani nau'in na'urar karɓar haske da ake kira CMOS, wanda ba ya shan batir sosai, shi ne kuma ke cikin kusan kowace kyamara da wayar salula a yau. A 2008 Panasonic ya fitar da Lumix G1, kyamarar da ake sauya wa ido, wato gilashin gaba, amma babu madubi a cikinta, daga nan kuma kasuwa ta karkata a hankali daga manyan kyamarori masu madubi da ake kira DSLR zuwa marasa madubi.

Kayan aiki

Zuciyar kyamara ita ce allon karɓar haske, wanda masu harkar ke kira sensa. Girmansa ya fi yawan megafiksel (kowane ɗaya ɗigon hoto miliyan guda ne) ɗin da ake rubutawa a jikin kwali muhimmanci. Babban allo, wanda aka gada daga ma'aunin fim, faɗinsa milimita 36 ne tsayinsa 24. Matsakaicin allo da ake kira APS-C bai kai rabin filin wannan ba, wajen milimita 23.5 da 15.6, ƙaramin da ake kira Micro Four Thirds kuwa milimita 17.3 da 13. Babban allo yana tara haske da yawa, saboda haka hotonsa na dare yakan fito da tsabta, amma yana jawo manyan idanu masu nauyi, wanda mai tafiya a ƙafa zai ji a wuyansa kafin la'asar.

Maganar megafiksel lissafi ne mai sauƙi. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da hoto mai ɗigo 6,000 a faɗi da 4,000 a tsayi, kuma idan aka buga shi a kan ɗigo 300 a kowane inci, wanda shi ne ma'aunin bugu mai kyau, zai kai kimanin santimita 51 da 34. Wanda hotunansa ba sa wuce fuskar waya ko kwamfuta ba zai ga bambancin abin da ya haura haka ba, sai dai katinsa ya riƙa cika da wuri.

Idon kyamara, wato gilashin da ke gaba, shi ne wurin da ya fi cancantar a kashe kuɗi, domin yakan yi shekaru ana mora bayan an sauya jikin kyamara sau biyu ko uku. Ana auna tsawonsa da milimita: a kan babban allo, 24 yana kwaso fili mai faɗi, 50 ya yi kusa da yadda idon mutum ke gani, 85 zuwa sama ya dace da hoton fuska, 200 kuma yana jawo abin da ke nesa. A kan APS-C ana ninka lambar da 1.5, ko 1.6 a kyamarorin Canon, a kan Micro Four Thirds kuma da 2, shi ya sa ido mai milimita 25 a can yake aiki kamar 50. Akwai ido mai zuƙowa da kuma mai tsawo ɗaya da ba ya sauyawa. Na biyun yakan fi sauƙin ɗauka, ƙofarsa ta haske kuma takan fi buɗewa, sannan yana tilasta wa ɗan koyo ya matsa da ƙafarsa, wanda horo ne mai amfani.

Abubuwa uku ke tsara hasken hoto. Na farko ƙofar haske, wadda ake rubutawa f/2.8, f/4, f/5.6, f/8 da sauransu, kowane mataki yana rage haske da rabi, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa mai dusasar da bayan abin da ake ɗauka. Na biyu saurin labulen da ke rufe allo, wato tsawon lokacin da allo ke buɗe. Tsohuwar ƙa'idar riƙe kyamara a hannu ta ce kada saurin ya gaza ɗaya bisa tsawon ido, ma'ana ido mai milimita 200 yana son kashi ɗaya cikin 200 na daƙiƙa, ko da yake na'urar hana rawar hannu da ke cikin kyamarorin zamani ta sassauta wannan. Na uku ISO, ma'aunin yadda kyamara ke ƙarfafa hasken da allo ya karɓa, wanda ɗaga shi ke ba da damar ɗauka cikin duhu, a biya da ƙuraje a jikin hoton. Hoto mai ƙuraje ana iya gyara shi a kwamfuta, wanda ya yi rawa kuwa da wuya ya gyaru, saboda haka idan haske ya yi ƙaranci gara a ɗaga ISO da a bar labule ya yi nawa.

Ajiya

Akwai manyan siffofi biyu da kyamara ke rubuta hoto da su. JPEG, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a 1992, hoto ne da kyamara ta riga ta gyara wa launi da kaifi ta matse shi, tana watsar da wani ɓangare na bayanai, kuma kowane launi yana da matakan haske 256. RAW shi ne ɗanyen abin da allo ya karɓa, mai matakai 4,096 ko 16,384, wanda ke ba da damar ceto sararin sama da ya yi fari fat ko fuskar da inuwa ta rufe. Kowane kamfani yana da irin nasa RAW ɗin, abin da ya sa Adobe ya fito da DNG a 2004 don a samu siffa ta bai ɗaya. Farashin RAW shi ne girma: na kyamara mai megafiksel 24 yakan kai megabait 25 zuwa 30, ninki biyu ko uku na JPEG, don haka kati mai gigabait 64 zai ɗauki kimanin hotuna dubu biyu.

Katin SD, wanda kamfanonin SanDisk da Panasonic da Toshiba suka fito da shi a 1999, shi ne ya fi yaɗuwa. Rubutun da ke jikinsa yana da ma'ana. SDHC yana tsayawa a gigabait 32, SDXC kuma yana iya kai wa terabait 2, kuma tsohuwar kyamarar da aka ƙera kafin zuwan SDXC ba lallai ta karanta shi ba. Babbar lambar gudu da ake bugawa a gaban katin yawanci ta saurin karantawa ce, wato saurin kwashe hotuna zuwa kwamfuta. Abin da kyamara ta damu da shi saurin rubutawa ne, alamarsa kuma ita ce V30 ko V60 ko V90, inda V30 ke nufin katin ba zai gaza megabait 30 a daƙiƙa ba. Mai ɗaukar hotuna a jere cikin sauri ko bidiyon 4K shi ne zai ga amfanin wannan, lokacin da fitilar kati ke ta ƙyaftawa kyamara kuma ta ƙi ɗaukar na gaba.

Akwai katunan jabu da aka sauya wa bayani suna nuna gigabait 128 alhali ainihin cikinsu bai kai 16 ba. Illarsu ita ce ba sa nuna alama da farko: kyamara za ta ci gaba da ɗauka, amma da an wuce ainihin iyakar katin sai sababbin hotuna su riƙa taka tsofaffi ko su lalace. Hanyar ganewa ita ce a cika sabon kati fal da fayiloli a kwamfuta, sannan a buɗe na farko da na ƙarshe, kafin a amince masa da hoton da ba zai maimaitu ba. Haka kuma ya fi kyau a yi wa kati fomat, wato a share shi a sake tsara shi, a cikin kyamarar da za ta yi amfani da shi, kuma kada a zare shi fitila tana ci. Idan aka goge hotuna bisa kuskure, a daina amfani da katin nan take, domin gogewa ba ta share bayanan kai tsaye, tana dai ba da izinin a rubuta wasu a kansu, kuma muddin ba a rubuta ba manhajar ceto fayiloli tana iya dawo da su.

Kati wurin wucewa ne, ba ma'ajiya ba. Ƙa'idar da aka fi sani a nan ita ce ta 3-2-1, wadda mai ɗaukar hoto ɗan Amurka Peter Krogh ya yaɗa: kwafi uku na kowane hoto, a kan nau'in ma'ajiya biyu daban-daban, ɗaya daga cikinsu a wani wuri na dabam, ko a gidan wani ko a ma'ajiyar intanet. Dalilin na ƙarshen shi ne gobara ko ɓarawo ba sa bambanta kwamfuta da faifan ajiyar da ke kusa da ita. Akwai kuma tarko a manhajojin da ke daidaita fayiloli tsakanin waya da intanet, domin abin da aka goge a ɗaya yakan gogu a ɗayan, wanda ke nufin kwafi ɗaya ne ake gani a wuri biyu. Faifan SSD ba shi da abin da ke juyawa a ciki, yana jure faɗuwa, ya dace da jaka. Faifai mai juyawa ya fi sauƙin samu da girma mai yawa, ya dace da tebur. Babu ɗayansu da ke dawwama, saboda haka ana sauya su bayan wasu shekaru, ana kuma buɗe tsofaffin hotuna lokaci-lokaci don a tabbatar suna nan.

Tsarin suna ma ajiya ne. Kyamara tana ba hotuna lambobi huɗu, idan ta kai 9999 sai ta koma farko, wanda ke haifar da fayiloli biyu masu suna ɗaya. Fara sunan kowace jakar fayil da shekara, sannan wata, sannan rana, yana jera su bisa tarihi ba tare da wahala ba.

Ɗaukar hoto a tafiya

Kayan da suka yi nauyi a masauki ake barinsu. Jikin kyamara ɗaya, ido mai zuƙowa na matsakaicin zango, ƙaramin ido mai babbar ƙofa don dare, batir biyu ko uku da katuna da yawa sun ishi yawancin matafiya. Raba hotuna a katuna matsakaita ya fi tara su a babban kati guda, kuma kowane dare a kwafe na ranar zuwa faifai, a ajiye faifan a jakar da ba ta kyamara ba. Mariƙi mai ƙafa uku yana da amfani ga mai son hoton dare ko na ruwa mai gangarowa, in ba haka ba kan katanga da maɓallin jinkiri na daƙiƙa biyu sukan wadatar.

Dokokin jiragen sama na ƙasa da ƙasa sun hana sanya batirin litiyam na ajiya a jakar da ake aunawa a tura cikin jirgi, dole ya kasance a jakar hannu, bakinsa a rufe don kada ya taɓa ƙarfe. Wanda bai wuce wat-awa 100 ba, wato ma'aunin wutar da batir ke ɗauka, ba ya buƙatar izini, daga 100 zuwa 160 sai da amincewar kamfanin jirgi. Batirin kyamara mai bolt 7.2 da miliamfiya-awa 2,000 bai kai wat-awa 15 ba, don haka yana ƙasa da iyaka nesa ba kusa ba. Na'urar binciken kaya ta filin jirgi ba ta yi wa katin memori komai.

Yanayi ya fi ɓarawo ɓarna. Wanda ya fito da kyamara daga ɗaki mai sanyi zuwa iska mai ɗumi da laima zai ga gilashi ya yi gumi ciki da waje. Maganin shi ne a bar ta a rufe cikin jaka na ɗan lokaci har ta daidaita da zafin waje. Tsananin sanyi yana kashe batir da wuri, shi ya sa ake ajiye na ajiya a aljihun ciki kusa da jiki. A wuri mai ƙura ko yashi ana sauya ido ne kyamara a kashe, bakinta yana kallon ƙasa. Ana gane ƙura ta hau allo ta hanyar ɗaukar hoton sararin sama a f/16 ko f/22, inda za ta bayyana a matsayin ɗigon toka da ke zaune wuri ɗaya a kowane hoto, kuma ana fara kore ta da famfon iska na roba, ba da hurawar baki ba.

Hasken hantsi da na dab da faɗuwar rana yana zuwa a kaikaice, yana fito da siffar gini da tudu, na tsakar rana kuwa yana jefa inuwa a ƙarƙashin ido da hanci, sai a nemi inuwa a ɗauka a ciki. Ƙasashe da yawa sun hana ɗaukar hoton barikin soja da kan iyaka da wasu sassan filin jirgi, gidajen tarihi da dama sun hana filas, majami'ar Sistine da ke Batikan ma ta hana hoto gaba ɗaya. Neman izinin mutum kafin a ɗauki fuskarsa ladabi ne a ko'ina, doka ne kuma a wasu wurare.

Kowane hoto yana ɗauke da ɓoyayyun bayanai da ake kira EXIF, waɗanda suka haɗa da nau'in kyamara, saitin haske, rana da lokaci, da kuma wurin da aka tsaya idan na'urar tana da GPS. Mai aika hoto ga baƙo yana iya aika masa da adireshin masaukinsa bai sani ba, sai fa idan ya cire wannan bayani tukuna. Agogon yawancin kyamarori kuma ba ya sauya kansa kamar na waya, saboda haka wanda ya ƙetare yankin lokaci bai gyara shi ba zai tarar, idan ya haɗa hotunan kyamara da na waya, abincin dare ya riga na rana a jeri.