Maganin cutar matsanancin waswasi

Cutar matsanancin waswasi, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da haruffan OCD, larura ce ta lafiyar ƙwaƙwalwa da ta haɗa abu biyu: tunanin da ke faɗo wa mutum ba da sonsa ba yana tayar masa da hankali, da aikin da yake ta maimaitawa domin hankalin ya kwanta. Mai ita yakan wanke hannu har fata ta tsage, ko ya koma duba kwaɗon ƙofa sau goma alhali ya san ya kulle, ko ya tsuguna gaban buta yana sake alwala har liman ya sallame. Ana lissafa abin cikin cuta idan yana cin fiye da awa ɗaya a yini, ko yana hana aiki da karatu. Tana samun kimanin mutum 2 cikin 100 a tsawon rayuwa, kuma galibi tana somawa ne tsakanin ƙuruciya da farkon manyanta.

Ginshiƙin maganinta shi ne wani horo da ake kira ERP, wato fuskantar abin tsoro tare da ƙin aikata abin da aka saba yi don samun sauƙi. Victor Meyer, masanin halayyar ɗan'adam a Landan, shi ya fara bayyana shi a 1966 bayan ya gwada shi a kan majinyata biyu, daga baya Edna Foa da abokan aikinta a Amurka suka daidaita tsarinsa. Dalilinsa kuwa shi ne, duk wankin da aka sake ko dubawar da aka maimaita tana kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma tana koya wa ƙwaƙwalwa cewa tsoron gaskiya ne, sai ya dawo da ƙarfinsa. Saboda haka majinyaci da mai horar da shi sukan jera abubuwan da ke firgita shi daga ƙarami zuwa babba. Mai tsoron ƙazanta zai soma da taɓa mariƙin ƙofa ya zauna bai wanke hannu ba, zuciyarsa na bugawa, har ya ga da kansa cewa fargabar tana sauka ba tare da ruwa da sabulu ba. Yawanci akan yi zama 12 zuwa 20, amma mafi yawan aikin a gida ake yinsa.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga wanda ya yi karatun zaure, domin littattafan fiƙihun Malikiyya irin su Ahalari da Risala sun umarci wanda kokwanto ya aure shi a sallah da ya yi watsi da shi, kada ya koma kan abin da yake shakka. Shi ya sa malamin da ya fahimci larurar yake iya zama mataimaki ga likita, musamman wajen majinyacin da ke ganin barin maimaita alwala tamkar sakaci ne da addini.

Hanya ta biyu ita ce ƙwayoyin da ke aiki a kan sinadarin serotonin na ƙwaƙwalwa, kamar fluoxetine da sertraline da fluvoxamine, sai kuma clomipramine wadda ta girme su, tana da ƙarfi amma ta fi su wahalar da jiki. A wannan cuta akan buƙaci adadin da ya fi wanda ake bai wa mai ciwon damuwa, kuma ba a yanke hukuncin cewa magani bai karɓi mutum ba sai ya yi mako 8 zuwa 12 yana sha. Idan ya karɓe shi, akan ci gaba aƙalla shekara guda, ba a kuma dainawa kwatsam sai likita ya rage a hankali. Wanda bai samu sauƙi ba akan ƙara masa ɗan wani nau'in magani daban, kamar risperidone ko aripiprazole. Ƙwayoyin barci irin su diazepam, waɗanda wasu ke saye a kemis, ba sa maganin cutar, kuma jiki yana sabawa da su.

Iyali na da hannu a jinyar fiye da yadda ake zato. Uwar da ke amsa tambayar "Kin tabbata na wanke?" sau ashirin a yini tausayi take yi, amma amsarta ta zama ɓangaren cutar, don haka akan koya wa 'yan gida yadda za su janye irin wannan taimako cikin lalama.

A arewacin Najeriya ana samun likitocin ƙwaƙwalwa a asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri, da kuma asibitin Dawanau a jihar Kano da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ƙwayoyin sun fi sauƙin samu a kan ƙwararren da ya iya horon ERP, kuma hira kaɗai kan matsalolin rayuwa ba ta cika yin tasiri ga wannan cuta ba. Saboda haka ya dace mai neman magani ya tambayi ƙwararren kai tsaye ko ya taɓa horar da masu waswasi, da irin aikin da zai riƙa ba shi ya yi a gida tsakanin zama da zama.