Motar ta rabe biyu, direban ya fito da ƙafarsa

Ranar 29 ga Nuwamba, 2020, a tseren motoci na Formula 1 a Bahrain, tun a zagayen farko motar Romain Grosjean ta ƙwace ta daki shingen ƙarfe da gudun kilomita 192 a awa. Ta rabe gida biyu, wuta ta tashi. Duk mai kallo ya ɗauka sai dai gawa. Kusan rabin minti sai ga shi ya ɓullo daga cikin wutar, likitan gasar, Ian Roberts, ya kamo shi ya tsallako shingen. Babban raunin da ya samu shi ne ƙuna a bayan hannayensa.

Kwana bai ƙare ba, haka ne. Amma ni da nake aiki a ɗakin karɓar masu haɗari, abin da na lura da shi ke nan: kansa bai bugu har ya suma ba, shi ya sa ya iya kwance bel ya fita.

Sai da aka yi asarar rayuka kafin a kai ga haka. A tseren 1994 a Imola ta Italiya, direba Roland Ratzenberger ya rasu ranar 30 ga Afrilu, washegari Ayrton Senna ya bi shi, duk raunin kai. A 2003 aka tilasta wa direbobi na'urar da ke riƙe kai da wuya, a 2018 aka ƙara wani baka na ƙarfe a saman kansu, wanda ake kira halo. Shi kansa Grosjean yana cikin masu kushe halo ɗin, sai a gadon asibiti ya yaba.

Ƙoƙon kan ɗan acaɓa bai fi nasa ƙwari ba. Kullum ana kawo mana matasa, jiki ba ko ƙwarzane, jini na fita ta kunne, hular kwano kuwa an baro ta rataye a hannun babur. Wasu sun sa, amma ba su ɗaure igiyar haɓa ba, hular ta riga mai ita tashi. Bel ma sai an hango jami'ai ake yafa shi.

Don Allah 'yan'uwa, a ɗaure igiyar, a sa bel har a kujerar baya. In kun tarar da haɗari, muddin ba wuta ko wata barazana, kada ku finciko mutum ko ku zaunar da shi, kada ku ba shi ruwa. Mutum ɗaya ya durƙusa ya riƙe kansa da hannu biyu, daidai da gangar jiki, har a samu abin da za a kwantar da shi a miƙe.