Taki Mai Haɗe da Maganin Ciyawa Yayin Shukar Ciyawar Ado a Ƙasashen Sanyi: Tambayoyi da Amsoshi

Wace ciyawa ake magana a kanta?

Ciyawar ado ce da ake shimfiɗawa a harabar gidaje da filayen wasa a arewacin Amurka da Kanada da Turai, irin su bulugiras na Kentaki da feskiyu da raigiras. Tana son sanyi, ta fi yabanya idan zafin iska yana tsakanin digiri 15 zuwa 24 a ma'aunin Salshiyos, shi ya sa aka fi yafa irinta daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba.

Za a iya zuba takin da aka haɗa da maganin ciyawa a ranar da aka yafa iri?

Galibin buhunan da ke kasuwa ba don wannan aka yi su ba. Wasu na ɗauke da magunguna masu hana tsiro, irin su furodiyamin da fendimetalin, waɗanda ke zama a saman ƙasa su hana saiwar duk ƙwayar da ta fara tsirowa girma, ba ruwansu da ko wadda ake so ce ko wadda ba a so, kuma ƙarfinsu kan kai wata uku zuwa huɗu. Wasu kuma na ɗauke da 2,4-D da dikamba, masu kashe ciyayi masu faɗin ganye bayan sun fito. Ciyawar ado da ta kafu tana jure musu, amma sabon tsiro ba ya iyawa, don haka ake jira sai an yi wa filin aski sau uku ko huɗu tukuna. Wanda kuwa ya riga ya zuba irin wannan, sai ya dakata kamar mako huɗu kafin ya shuka.

To, babu wanda ya dace da lokacin shuka ke nan?

Akwai mesotiriyon, wanda kamfanin Syngenta ya fara fitarwa don gonakin masara a 2001, daga baya ya sayar da shi don filayen ado da sunan Tenacity. Kamfanin Scotts kuma yana haɗa shi da takin fara shuka. Aikin wannan magani shi ne hana ciyawar da ba a so ƙera sinadarin da ke kare koren ganye daga hasken rana. Mai fili zai ga ciyayin da ba a so sun leƙo farare fat, kamar an yayyafa musu farar ƙasa, bayan 'yan kwanaki su bushe. Wani lokaci ciyawar adon ma takan ɗan yi fari, amma ta komo. Kariyar ba ta wuce mako huɗu zuwa shida, kuma wannan tazara tana da amfani ƙwarai ga bulugiras, wanda kan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin ya tsiro, alhali raigiras kan fito cikin kwana biyar zuwa goma. Sai dai feskiyu mai siririn ganye ba ya jure masa sosai, saboda haka dole a duba kasonsa a cikin gaurayen irin, a kuma bi abin da aka rubuta a jikin buhu.

Me ya sa aka fi buƙatarsa idan an yi shuka a Afrilu ko Mayu?

Saboda a lokacin ne babbar kishiyar ciyawar ado, wata dangin harƙiya da acca, ke tsirowa da zarar ɗumin ƙasa ya kai kusan digiri 13, ta kuma mamaye fili idan zafi ya shigo. Shukar Satumba kuwa ba ta cika fama da ita ba, domin raɓar ƙanƙara ta farko ke kashe ta. A ganina, wanda ya daidaita lokacin shuka ya riga ya rage rabin dogaro da magani.

Shin haɗa taki da magani a buhu ɗaya dabara ce mai kyau?

Sauƙi ne ga mai gida, amma lokacin da ƙasa ke buƙatar taki ba koyaushe yake dacewa da lokacin da ake buƙatar magani ba, kuma ana watsa maganin ko'ina har inda babu ciyawar da za a kashe. Wannan na cikin dalilan da suka sa Kanada ta hana sayar da irin wannan haɗi don filayen ado daga ƙarshen 2012. Takin fara shuka kuma yana da sinadarin fosfaras da yawa, wanda jihar Minesota ta taƙaita zuba shi a filayen ado saboda gurɓacewar tafkuna, ko da yake dokar ta ƙyale mai sabuwar shuka ya yi amfani da shi.