Waiwaye: Yadda Aka Daɗe Ana Neman Bindiga Ɗaya Mai Aikin Huɗu

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, rundunar sojan ƙasa ta Amurka takan shiga fagen daga da bindigogi daban-daban. Akwai doguwar M1 Garand ta harbin nesa, akwai ƙaramar M1 Carbine ta hafsoshi da direbobi, akwai Thompson da M3 masu feshin wuta a kusa, sannan ga BAR mai nauyi wadda ke danne abokan gaba har 'yan'uwa su matsa. Harsasai iri uku suke ci. Mai kula da rumbun makamai shi ke shan wahalar wannan tsari, domin idan motar kaya ta iso da akwatunan da ba su ne ake nema ba, bindigar da ke hannun soja ta zama sanda. Daga nan gardamar ta samo tushe: a ba kowa bindiga iri ɗaya mai taɓa kowane aiki, ko kowane aiki a bar masa tasa?

Jamusawa ne suka fara kawo amsa mai ma'ana. Sun lura cewa yawancin musayar wuta ba ta wuce nisan mita 300, alhali harsashin doguwar bindiga an ƙera shi ne ya yi kisa a fiye da mita 1,000. Sai suka gajarta harsashin, suka ƙera bindigar da daga baya aka kira StG 44, mai harbi ɗaiɗai da kuma feshi. Da farko Hitler bai so ta ba, shi ya sa aka yi ta ƙera ta da sunan MP 43, kamar ƙaramar mai feshi ce kawai. Kafin yaƙin ya ƙare an ƙera fiye da 400,000.

Tarayyar Sobiyet ta bi wannan tafarki da AK-47 ta Mikhail Kalashnikov, wadda sojanta suka karɓa a 1949. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, Rashawa ba su taɓa ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta ba. A 1961 suka kawo PK mai feshi daga jigidar harsasai, a 1963 kuma suka kawo SVD ta Dragunov mai madubin hangen nesa, suka raba wa gwanayen harbi a cikin ƙananan rukunoni. Wato bindigar kowa tana hannun kowa, amma inda ta gaza akwai mai cike gurbi.

A Amurka ne aka yi taurin kai. Birtaniya ta ƙera matsakaicin harsashi da bindigar EM-2, har ta amince da ita a 1951, amma manyan hafsoshin Amurka suka ce ba za su sauka daga harsashi mai ƙarfi ba. Da Churchill ya dawo mulki sai ya jingine bindigar ƙasarsa domin a daidaita da ƙawaye, kuma a 1954 ƙungiyar tsaro ta NATO ta ɗauki harsashin milimita 7.62 mai tsawon kwanso milimita 51. A kansa aka gina M14, wadda aka amince da ita a 1957 da alƙawarin za ta maye gurbin waɗancan nau'o'in bindigogi huɗu gaba ɗaya.

Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle huɗu. A harbin ɗaiɗai M14 bindiga ce mai kyau, tana kai nesa kuma tana samun abin da aka auna. Amma da zarar an sake ta ta yi feshi, ƙarfin harsashin yakan ɗaga bakinta sama, na farko ya sami wuri, sauran su tafi iska. Dole aka toshe makunnin feshin a yawancinsu. Ta yi rashin nauyi ga aikin BAR, ta yi nauyi ga aikin Carbine, tsawonta kuma ya haura mita ɗaya, abin da ya sa ta zama kaya a dazuzzukan Biyetnam, inda danshi ma ke kumbura katakonta. A 1963 sakataren tsaro Robert McNamara ya dakatar da ƙera ta, aka koma ga M16 mai ƙaramin harsashin milimita 5.56. Abin dariya a nan shi ne, ƙasar da ta hana ƙawayenta matsakaicin harsashi ita ce ta tsallake zuwa wanda ya fi shi ƙanƙanta, ta bar su riƙe da FAL ta Beljiyam da G3 ta Jamus. Waɗannan biyun sun shigo hannun sojan Najeriya ma, kafin AK ta mamaye barikoki da shingayen hanya.

Dalilin da ya sa ƙaramin harsashi ya yi nasara lissafi ne. Nauyinsa kusan rabin na 7.62 ne, don haka soja yana ɗaukar ninki biyu a kan nauyi ɗaya. Horar da sabon ɗauka ya fi sauƙi tunda bindigar ba ta dukan kafaɗa sosai, kayan gyara iri ɗaya ne, kuma wanda harsashinsa ya ƙare zai miƙa hannu ga na kusa da shi. A ganina, a nan ne bindigar kowa da kowa ta fi cin riba, a rumbu da kan motar kaya da cikin kasafin kuɗi, ba wai don ta fi kowace iya harbi ba. NATO ta bi sahu a 1980, Rashawa kuwa tun 1974 suka rage nasu da AK-74.

Sai duwatsun Afganistan suka tono tsohuwar maganar, lokacin yaƙin da Amurka da ƙawayenta suka yi a can. 'Yan Taliban sukan tsaya a ƙetaren kwari su buɗe wuta da PK, wani lokaci har da tsofaffin Lee-Enfield na zamanin Ingilishi, daga nisan da gajeriyar M4 ta Amurkawa, ƙanwar M16, ba ta yin tasiri. Wani nazari da Manjo Thomas Ehrhart na sojan Amurka ya rubuta a 2009 ya nuna cewa kusan rabin arangamar da ake yi a can ta wuce mita 300. Aka koma rumbu aka kakkaɓe M14, wadda aka kora tun shekaru arba'in da suka wuce, aka ɗora mata madubi aka ba gwanayen harbi. Ta gaza a matsayin bindigar kowa, ta dawo ta yi suna a aiki guda. Birtaniya ma ta sayi L129A1 a 2010 saboda wannan giɓi.

Har a cikin Amurka ba a taru a kan magana ɗaya ba. Sojan kundumbala na Marines sun ɗauki M27 da farko don ta rage musu dogaro da M249 mai jigida, daga baya suka raba ta ga duk dakarunsu na gaba. Sojan ƙasa kuwa suka juya wata fuskar. A Afrilun 2022 suka ba kamfanin SIG Sauer kwangilar bindigar da yanzu ake kira M7, mai harsashin milimita 6.8, domin ta kai nesa kuma ta huda sulken zamani. Ta fi M4 nauyi, gidan harsashinta ashirin yake ci maimakon talatin, don haka soja mai ɗauke da guda bakwai ya sauko daga harsashi 210 zuwa 140. Dakarun da ke gaba da gaba da abokan gaba kaɗai za a ba, sauran su ci gaba da riƙe M4 da harsashinta na 5.56.