Waiwaye: Kumbunan da ake turawa tashar sama ba kowa a ciki

Da Amurka ta jingine jiragen Space Shuttle a 2011, 'yan sama jannatinta sai suka koma hawa kumbon Soyuz na Rasha zuwa ISS, tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. A 2014 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta ba kamfanoni biyu kwangilar ƙera sabon kumbo: Boeing dala biliyan 4.2, SpaceX biliyan 2.6. Tsarin shi ne a fara tura kumbon fanko kafin a ɗora masa rai.

Crew Dragon na SpaceX ya tashi ranar 2 ga Maris 2019, da mutum-mutumi mai suna Ripley ɗaure a kujera, an liƙa masa na'urorin awo a kai da wuya da ƙashin baya. Washegari ya haɗe da tashar da kansa, ranar 8 ga wata ya sauka a tekun Atlantika.

Labarin Starliner na Boeing ya fi koyarwa. Ranar 20 ga Disamba 2019 agogon kumbon ya ɗauko lokaci daga rokar Atlas V da kuskuren awa 11. Kumbon ya zaci ya kai wani mataki na gaba, ya yi ta hura ƙananan injinansa har mai ya yi ƙasa, tashar ta gagara. Yana can sama injiniyoyi suka gano kuskure na biyu a manhajar da ke raba shi da sashen injina, wanda zai iya sa sassan biyu su yi karo. Suka gyara, ya sauka a White Sands da ke jihar New Mexico ta Amurka, kwana biyu bayan tashinsa. Abin da ya fi tayar da hankali, ba a taɓa gwada manhajar tiryan-tiryan, daga tashi har sauka, ba. Gutsure-gutsure aka gwada ta.

Maimaicin ma bai zo da sauƙi ba. A Agusta 2021 bawul 13, wato marufan da ke buɗe bututu da rufe shi, suka cije, domin danshi ya haɗu da sinadarin ƙona mai ya zama asid, ya ci ƙarfen. Sai a Mayu 2022 Starliner ya isa tashar, bayan injina biyu sun mutu a hanya.

A Yuni 2024 ya ɗauki 'yan sama jannati biyu, Butch Wilmore da Suni Williams. Iskar hiliyom ta yi yoyo, injina biyar suka tsaya gab da isa tashar, amma dai ya isa. NASA ta dawo da kumbon fanko a Satumba, su biyun kuwa sai Maris 2025 suka dawo a cikin Dragon.