Me ya sa “curator” yake da suna uku a Sifaniyanci?

Yaya ake fassara kalmar Turanci “curator”, wato mai kula da kayan gidan tarihi ko shirya baje kolinsu, zuwa Sifaniyanci?

Ya danganta da ƙasar da za a karanta rubutun da kuma aikin da mutumin yake yi. A Sifaniya, ma'aikacin dindindin da ke kula da kayan gidan tarihi, yana nazarinsu yana rubuta bayanansu, shi ne “conservador”. Haka ake kiransu a gidan tarihin Prado da ke Madrid, har gwamnati tana da rukunin ma'aikata mai wannan suna wanda sai da jarrabawa ake shiga. Wanda aka damƙa wa shirya baje koli na 'yan watanni kuwa, ya zaɓi zane-zanen, ya tsara yadda za a rataye su a bango, “comisario” ne. Baƙo kan yi mamaki, domin da wannan kalmar ake kiran babban jami'in 'yan sanda. A Meziko da Ajantina da Kolombiya “curador” ake cewa.

Ashe “conservator” ba shi ne “conservador” ba?

Nan ne mai fassara ya fi zamewa, saboda harafi ɗaya kacal ya raba su. “Conservator” na Turanci shi ne mai aikin hannu, wanda ke zama da auduga da ɗan ƙaramin burushi yana cire tsohon banish, wato man ƙyallin da ake shafawa, daga fuskar zane. Sifaniyawa suna ce masa “restaurador”, ko “conservador-restaurador” a takardun aiki. Duk wanda ya bi kamannin kalmomin ya rubuta “conservador” kawai, to ya ɗauke mutum daga ɗakin gyara ya kai shi ofishin da ba nasa ba.

“Docent” da “keeper” fa?

A Amurka “docent” ɗan sa kai ne mai zagayawa da baƙi, alhali “docente” a Sifaniyanci malamin makaranta ne, don haka “guía voluntario” ya fi dacewa. “Keeper” a gidan tarihin British Museum da ke Landan shugaban sashe ne, ba mai gadi ba. “Conservador jefe” ya fi kusa da shi.

Idan rubutun zai je ƙasashe da yawa?

A ganina “curador” ya fi sauƙin ganewa, ko da yake a Madrid za a ji shi kamar baƙo. Sai kuma a tabbatar ko mace ce ko namiji kafin a buga sunan a bango, domin Turanci ba ya bambantawa, Sifaniyanci kuwa dole ya ce “curadora” ko “comisaria”.