Rage Harajin Ribar Hannun Jari a Amurka

Harajin ribar jari shi ne kason da gwamnati ke karɓa daga ribar da mutum ya samu idan ya sayar da kadara, kamar hannun jari, sama da yadda ya saye ta. A Amurka, inda hukumar IRS ke tattara shi, dokar ta ginu ne a kan ƙa'ida guda: hawan darajar hannun jari ba ya jawo haraji sai ranar da aka sayar. Wanda ya zuba dala 10,000 har jarin ya kai 50,000, ko sisi ba a binsa muddin bai sayar ba. Shi ya sa halastattun hanyoyin rage wannan haraji kusan duka suka rataya a kan lokacin sayarwa, da abin da aka zaɓa a sayar, da asusun da jarin ke ciki. Ɓoye riba kuwa laifi ne, kuma tun 2011 dillalai ke aika wa IRS farashin da kowa ya sayi hannun jarinsa.

Tsawon riƙewa

Idan mutum ya riƙe hannun jari shekara ɗaya ko ƙasa da haka, ana haɗa ribar da albashinsa a caje shi kamar sauran kuɗin shiga, daga kashi 10 zuwa kashi 37 cikin 100. In ya haura shekara, ko da kwana ɗaya ne, harajin yakan sauka zuwa kashi 15, ko kashi 20 ga manyan masu samu, ko ma babu gaba ɗaya. A 2024, mutum ɗaya da kuɗin shigarsa mai haraji bai wuce dala 47,025 ba, ko ma'auratan da nasu bai wuce 94,050 ba, ba su biya komai a kan irin wannan riba ba. Ma'aikacin da ke matakin kashi 24, idan ya ci ribar dala 10,000 a wata na goma sha ɗaya, zai biya 2,400. Da ya ƙara haƙuri ya tsallake shekara, 1,500 zai biya. Don haka ne wasu ke jinkirta sayarwa zuwa shekarar da samunsu ya ragu, kamar farkon ritaya.

Wannan rangwame tsoho ne. Dokar haraji ta 1921 ce ta fara shi da kashi 12.5. Gyaran 1986 ya soke shi na ɗan lokaci, aka daidaita ribar jari da albashi a kashi 28, sannan aka sauko da shi zuwa kashi 20 a 1997, da kashi 15 a 2003. Tun 2013 akwai ƙarin kashi 3.8 a kan wanda samunsa ya wuce dala 200,000, ko 250,000 ga ma'aurata. Jihohi ma na da nasu: Kalifoniya na ɗaukar ribar kamar albashi, Florida da Texas kuwa ba su da harajin kuɗin shiga.

Cin moriyar asara

A nan ne masu jari suka fi nuna dabara. Doka ta yarda a cire asara daga riba kafin a yi lissafin haraji, don haka a ƙarshen shekara mutum kan sayar da hannun jarin da ya faɗi domin asararsa ta cinye ribar wani. Idan asarar ta fi ribar yawa, ana iya rage dala 3,000 daga sauran kuɗin shiga a shekara, ragowar kuma a wuce da ita shekarun gaba har ta ƙare. Wannan adadi bai motsa ba tun 1978, duk da tsadar rayuwar da ta cinye darajarsa, abin da ya fi cutar ƙaramin mai jari wanda ba shi da wata babbar riba da zai shafe.

Akwai shinge. Sashe na 1091 na dokar haraji ya hana sayarwar ganin ido: wanda ya sayar a kan asara, sannan ya sayi wannan hannun jari, ko wanda kusan shi ne, cikin kwana 30 kafin sayarwar ko kwana 30 bayanta, ba za a karɓi asarar a wannan shekara ba. Ba ta ɓace ba, ana ɗora ta ne a kan uwar kuɗin sabon sayen. Amma idan a cikin asusun ritaya na IRA aka sake sayen, kamar yadda IRS ta yanke a 2008, asarar ta tafi ke nan. Yana da kyau a gane cewa dabarar galibi jinkiri take kawowa, domin wanda ya sayar ya sayi makamancinsa da araha, babbar riba na jiransa a gaba.

Zaɓen abin da za a sayar ma na da tasiri. Mutumin da ya sayi hannun jari 100 a kan dala 20, daga baya ya ƙara 100 a kan 45, idan farashi ya kai 50 ya sayar da 100 bai ce komai ba, za a ɗauka na farkon ya sayar, ribarsa 3,000. Da ya gaya wa dillali na bayan yake nufi, 500 ce.

Asusun ritaya, kyauta da gado

Saye da sayarwa a cikin asusun ritaya na 401(k) ko IRA ba sa jawo haraji sai an zo cire kuɗi. A asusun ritaya na Roth, wanda dokar 1997 ta kafa, cirewar ma babu haraji idan an cika sharuɗɗa. Wanda ya ba ƙungiyar agaji hannun jarin da ya riƙe fiye da shekara, maimakon ya sayar ya ba da kuɗin, ya tsira daga harajin ribar, kuma ana iya rage masa cikakkiyar darajar kyautar daga kuɗin shigarsa mai haraji.

Hanyar da ta fi jawo gardama ita ce ta gado. Sashe na 1014 ya ce idan mai jari ya rasu, darajar ranar rasuwarsa ce ke zama uwar kuɗin magada, wato ribar da ta taru tsawon rayuwarsa ba za a taɓa karɓar harajin ribar jari a kanta ba. Attajirai kan ci bashi da hannun jarinsu a matsayin jingina su yi hidimarsu, ba tare da sun sayar ba. Ma'aikacin da ake cire wa haraji daga kowane albashi ba shi da wannan ƙofa, kuma masu sukar tsarin suna da gaskiya a nan. Gwamnatin Joe Biden ta nemi taƙaita wannan sassauci a 2021, majalisa ba ta amince ba.

Baƙon da ba mazaunin Amurka ba

Ɗan Nijeriya ko Nijar da ke sayen hannun jarin kamfanonin Amurka daga gida ta manhajar waya, galibi Amurka ba ta karɓar harajin ribar sayarwa daga gare shi. Abin da take cirewa shi ne kashi 30 na ribar da kamfani ke rabawa masu hannun jari, tun kafin kuɗin su shiga asusunsa. Harajin ribar sayarwar kuwa, dokar ƙasar da yake zaune ce ke da magana a kansa.